Taubashina da Mutumin da Ba a Jefa wa Ƙwallo

A lodin kankana mutum biyu ne ke riƙe da aikin, amma ɗaya ake kallo, kuma ni ne wanda ake kallon. Tun kafin in kama aikin koyarwa a Wurno, har bayan na kama, rani bai taɓa wucewa ban je fadamar Goronyo lodi ba. Ni mai jifa ne. Mota za ta ja da baya ta tsaya a bakin gona, a tara kankana tuli guda, ni in sunkuya in ɗauko in cilla sama. Wanda ke kan mota ya cafe ya miƙa wa mai jerawa a ciki. Haka ake yi tun safe har mota ta cika.

Mai jifa shi ke da zufa, shi ke da nishi, shi ke da damtse a waje. In masu tallan fura suka biyo ta bakin gona ni suke tsayawa kallo, ni kuma ban taɓa hana su ba. Mai cafewa kuwa yana can sama, rana a bayansa, in ka ɗaga kai ma ba fuskarsa za ka gani ba, hannuwa biyu ne kawai ke fitowa su koma. A ƙungiyarmu hannuwan nan na taubashina ne.

Ɗan goggona ne. Ya girme ni nesa ba kusa ba, har gemunsa ya fara furfura, amma ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, saboda haka a al'ada bawana ne, kuma ba na barin yini ya wuce ban tuna masa ba. Dogo ne siriri, magana ba ta dame shi ba. In na tsokane shi sai ya dube ni ya ce, “Allah shi shirye ka,” ya ci gaba da abin da yake yi, wanda hakan ya fi zagi ƙona min rai. Da can lodi abin rage rani ne a wurinsa, domin yana da gonarsa ta gero a wani ƙauye na ƙasar Rabah. Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen ya kwaso iyali ya dawo Wurno, gonar tana can ba ya iya leƙa ta. Tun daga nan saman motar nan shi ne gonarsa, shi ne kuma abincin gidansa.

To, akwai wata al'ada ta 'yan lodi wadda ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta. Duk kankanar da ta suɓuce ta faɗi ta fashe, ta 'yan lodi ce. Dila ba ya ɗaga murya a kan ɗaya ko biyu, an san ƙasa ma tana da nata rabon. Da ta fashe aiki zai tsaya, kowa ya tsuguna ya sa hannu, a sha a wanke maƙoshi, a huta da baya, sannan a koma. Ga wanda ya yini a rana, wannan ɗan tsugunon ya fi masa komai daɗi a yinin.

Matsalar taubashina ita ce bai taɓa yar da kankana ba. Ban ce ba ya yawan yarwa ba, na ce bai taɓa ba. Ƙungiyoyin da ke lodi a gonakin maƙwabta sai ka ji tim, ka ji ihu, ka hango su sun yi da'ira suna shan daɗi. Mu kuwa sai mu yini kankana tana bi ta hannunmu, ƙishirwa tana neman kashe mu. Ni da kaina ba irin jifan da ban yi masa ba don mu samu. Na karkata, na murɗa ta tana juyi, na jiƙa ta a ruwan kwata don ta yi santsi, na jefa biyu a jere ba numfashi. Sai hannuwan nan su fito su karɓe ta kamar ana miƙa masa jariri. Ba wanda ya taɓa ce masa sannu a kan haka. Abin da ake cewa a bayan idonsa shi ne mutumin nan ba shi da tausayi.

A wannan halin ne Sarkin lodi, wato shugaban ƙungiyarmu, ya kawo surukinsa. Ƙato ne mai baki, da kabu-kabu yake yi kafin babur ɗinsa ya kwanta. Aka fara gwada shi a saman mota jefi-jefi. Wannan in zai cafe sai ya yi tsalle ko da tsallen ba ya da amfani, ya yi kururuwa, ya cafe ta bayan wuya, ya sumbaci kankana kafin ya miƙa. Kuma yana yarwa, Allah Ya yi masa albarka, yana yarwa hannu sake. Cikin 'yan kwanaki 'yan lodi suka fara sheƙi. Magana ta fara zagayawa cewa Sarkin lodi zai bar surukinsa a sama, taubashina ya sauko ya koma ɗauko kankana daga cikin gona zuwa tuli. Wannan aikin masu ƙuruciya ne, gadon bayan taubashina ba zai ɗauke shi ko mako guda ba. Ya san haka, ni ma na sani, amma ko a tsakaninmu ba mu tayar da zancen ba.

Ƙwallon Amurka ta shigo rayuwarmu ne ta shagon caji da ke kusa da tasha a Wurno. Mai shagon yana da sola da talabijin, kuma in an sauko daga Juma'a ba ma zuwa lodi, nan muke zama a kan benci. Wata Juma'a yana latsa rimot yana neman maimaicin ƙwallon Turai, sai ya faɗa kan wasu ƙarti sanye da hular kwano, kafaɗunsu kamar sun saka matashi a riga, sun duƙa sun fuskanci juna. Kafin ya wuce suka rugo suka gwabza. Benci gaba ɗaya ya ce ya tsaya.

“Wanga dambe na ko kokuwa?” in ji wani mai sayar da albasa.

Wani ɗan kabu-kabu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ikon Allah. Su ga hular kwano ba babur, mu ga babur ba hular kwano.”

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yawan shawara. Za su yi gudu na ɗan lokacin da mutum zai yi atishawa, sai su tsaya su haɗa kai su yi ƙus-ƙus, su watse, su sake karo, su sake komawa ƙus-ƙus. Alƙalan wasa kuma in ransu ya ɓaci ba kati suke ɗagawa ba, wani ƙyalle rawaya suke wurgarwa ƙasa, su kuma sunkuya su ɗauki abinsu. Mai albasa ya ce ko taron ƙungiyar manoma bai kai wannan yawan miti ba. Ita ƙwallon kanta doguwa ce mai tsini biyu, ana cilla ta ana cafewa kamar kankana, ni da taubashina muka kalli juna.

Ban jima ba na gane wane ne babba a wasan, domin nawa ne. Akwai mutum guda da ake miƙa wa ƙwallon ta ƙarƙashi, ya ja da baya, ya duba, ya cilla. Mai jifa. Kyamara ba ta rabuwa da shi. In ya sha ruwa a nuna shi, in ya goge fuska a nuna shi, a nuno matarsa a cikin 'yan kallo tana tafi, a nuno tsohuwarsa tana share hawaye. Na zunguri taubashina na ce, “Ka gani ko, bawana? Ko Amurka an san wa ad da aiki.”

Bai kula ni ba. Idonsa yana can ƙasan allon. Can sai ya miƙa yatsa ya ce, “Wancan hwa? Mi shika yi can shi kaɗai?”

Sai a lokacin na lura da mutumin. Yana tsaye a gefen fili, nesa da cincirindon, dogo siriri, rabin jikinsa ma allon ya yanke. Da an fara sai ya zura da gudu, ya yi kamar zai yi dama ya karya hagu, ya bar mai tsaronsa yana laluben iska, ya juyo ya ɗaga hannu. Ba kowa kusa da shi, ko makaho ne zai same shi. Sai mai jifa ya cilla ƙwallon can ɗaya gefen, wurin wani mai kitso har kafaɗa. Dogon ya sauke hannunsa ya dawo da sassarfa, ya shiga ƙus-ƙus, ya koma gefensa ya sake tsayawa. Aka sake, ya sake. Haka muka yi ta kallo har aka kira la'asar.

Mai kitson nan shi ne ɗan gaban goshi. In ya cafe ya kai ƙwallo ƙarshen fili, wanda shi ne ci a wasan, sai ya ɗaga ta sama ya maka da ƙasa da dukan ƙarfinsa, sannan ya kama rawa, yana karkaɗa kafaɗu yana tafiya da baya yana harba ƙafa ɗaya. A nuno rawar, a sake nunowa a hankali. Yakan yar da ƙwallo ma ba sau ɗaya ba, amma in ya yar sai masu sharhi su yi ta surutu kamar ƙwallon ce ta yi laifi. Shi kuwa dogon, sau ɗaya aka jefa masa a ranar, lokacin da aka rutsa mai jifa ya rasa inda zai yi da ita. Jifan ma na wulaƙanci ne, ƙasa-ƙasa, a bayansa. Ya lanƙwashe ya tsince ta kafin ta taɓa ciyawa, ƙarti biyu suka danne shi. Ya tashi ya karkaɗe jiki, ya miƙa wa alƙali ƙwallon da hannu biyu, ya koma gefensa. Kyamara ta koma kan mai jifa yana gyara hula.

Mai shagon caji ya fi mu jin Turanci na cikin hanci, shi ya shiga waya ya bincika mana. Ya ce kowace ƙungiya tana da masu cafewa da yawa, amma ɗaya ne tauraro. Sauran sau tari gudunsu na janye masu tsaro ne, don a buɗe wa tauraron hanya.

Taubashina ya ce, “Shi ya san ba a jehwa mishi?”

“Ya sani mana, ai a ƙus-ƙus ɗin nan ake faɗa musu.”

“Kuma shina gudun da gaske haka?”

“In bai yi da gaske ba ai ba mai bin shi.”

Taubashina ya gyaɗa kai a hankali. Tun daga ranar ya yi ɗan'uwa a Amurka. Sunan mutumin ya fi ƙarfin harshensa, bai ma wahalar da kansa ba, “ɗan'uwana” kawai yake ce masa. Mutumin da ko ƙwallon Turai ba ya kallo, sai ga shi yana riga kowa zuwa benci ranar Juma'a, har wasu ranakun in mun dawo lodi da wuri. Tashar takan maimaita wasa ɗaya sau da dama a mako, kuma ya san maimaici ne, an gaya masa, amma hakan bai hana shi miƙewa tsaye in dogon ya ɗaga hannu ba.

“Ga shi nan! Kai makaho na? Jehwa mishi!”

“Bawana, wanga hwa shi munka gani shekaranjiya. Ba ya jehwa mishi.”

“Na sani. Bari dai mu gani.”

Ni ne na sha wahalar abin, domin duk haushin mai jifan Amurka a kaina aka sauke shi. Mutumin da a da sai na yi da gaske nake samun kalma biyar a bakinsa, yanzu a kan babur tun daga Wurno har Goronyo yana bayana yana karanta min halin masu jifa. Wai duk halinmu ɗaya, wuyanmu gefe guda yake juyawa, in an cafe mu ce jifa ya yi kyau, in an yar mu ce hannu ne ba kyau. Na ce masa ni dai ban taɓa zuwa Amurka ba. Ya ce ba sai na je ba, jini ne.

Matarsa ta tare ni a zaure wata rana ta ce don Allah in gaya mata wanda ya taɓa maigidanta, domin ya shigo ya ture tuwo yana ta tsaki. Ta tambaye shi ya ce ba shi aka taɓa ba, wani bawan Allah ne aka hana wa haƙƙinsa a gaban jama'a. Ta ɗauka a unguwa ne, har ta fara lissafin gidan da za ta je jaje. Da na gaya mata inda mutumin yake sai ta riƙe haɓa ta ce, “To shi wancan ɗin ya san da mu?” Na ce bai sani ba. Ta ce to a gaya wa maigidan tuwo dai na Wurno ne, kuma yana hucewa.

Dariya nake yi masa, amma ba zan ɓoye ba, abin yana taɓa ni. Na san ba dogon Amurka kaɗai yake kallo a allon nan ba.

Ana cikin haka Sarkin lodi ya sanar cewa wani babban dila zai zo daga kudu da doguwar mota, kuma ranar zai raba gardama. Surukinsa zai hau da safe, taubashina ya karɓa bayan azahar, wanda ya fi shi za a bari a sama. Kowa ya san gardamar a rabe take tun kafin a fara, ana dai so a fita haƙƙin tsohon ma'aikaci ne. A hanya na ce wa taubashina, “Bawana, don Allah yau ka saki guda. Guda ɗai. Mutane su sha su sa maka albarka.” Ya ce shi amanar mutane ake jefo masa, ba zai yar da gangan ba. Na ce to ka ci amanarka da miya.

Da safe suruki ya yi abin da ya saba, ya ma ƙara. Ya yi tsalle, ya yi kirari, ya yar da kankana har sai da cikinmu ya fara ƙara in mun sunkuya. Dila yana cikin inuwar mota yana ta waya, ko a jikinsa. Bayan azahar taubashina ya hau. Na cilla ya cafe, na cilla ya cafe. Ba tim, ba ihu, ba tsuguno. Aikin yana tafiya sumul, mota tana cika ninkin yadda ta cika da safe, kuma ba mahalukin da ke kallo. 'Yan lodi suna hamma. Sarkin lodi ya juya mana baya ya dafa kafaɗar surukinsa suna magana ƙasa-ƙasa suna dariya. Na ɗaga kai na dubi taubashina, na ga shi ma ya gani. Raina ya ɓaci ƙwarai, har jifan ya fara fita da fushi.

Sai na zo kan wata kankana a gindin tuli, uwar garke, irin wadda ake ɗauka da bismilla. Na rungumo ta na yunƙura, ƙafata ta zame a laka, ta fita daga hannuna a karkace. Wannan karon wallahi ba da gangan ba ne. Ta nufi can bayan mota, inda ba mutum sai kwatar ruwa. Na riga na ce ta tafi. Sai na ga taubashina ya saƙale ƙafa ɗaya a ƙarfen mota, ya saki jikinsa gaba ɗaya a iska, ya miƙa hannu guda. Kankanar ta zauna a tafinsa, ya janyo ta ƙirji, ya dawo da kansa ya tsaya. Na yi shekaru a fadama ban ga irin wannan ba, ko a talabijin ɗin ma ban gani ba.

Ya tsaya rungume da ita yana haki, ya duba dama, ya duba hagu. Sarkin lodi bayansa muke gani. Dila yana waya. 'Yan lodi biyu suna gardama a kan babur. Duk fadamar nan ba wanda ya gani sai ni da wani jaki da ke ɗaure a gindin bagaruwa, shi ma jakin ban tabbata ba. Mai jerawa ya miƙo hannu daga ciki yana cewa a ba shi mana, ana ɓata lokaci.

Taubashina bai ba shi ba. Ya ɗaga kankanar sama da kansa da hannu biyu, ya yi wata kururuwa da ban san tana cikin ƙirjinsa ba, ya maka ta da ƙasa. Ƙarar ta sa tsuntsaye suka tashi daga gonar shinkafa. Ja ya watsu har kan takalmin dila. Kowa ya juyo. Sai ga dattijo mai furfura a saman mota yana karkaɗa kafaɗu, yana tafiya da baya a kan ƙarfe, yana harba ƙafa ɗaya, fuskarsa a murtuke kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Rawar mai kitso ce tsaf, ashe duk zaman bencin nan yana haddace ta.

Sai fadama ta ɗauka. 'Yan lodi suka yi kan kankana suna ihu. Sarkin lodi ya yi dariya har ya zauna a laka, hularsa ta faɗa kwata. Dila ya katse wayarsa ya juyo da ita yana roƙon a sake rawar zai ɗauka. Masu tallan fura suka ajiye ƙwarya, kuma a karon farko tun da na fara lodi ba ni suke kallo ba. Na ji zafin wannan, ba zan yi ƙarya ba. Aka taru a kaina ana tambayar me ya faru, na ba da labarin cafewar, na nuna inda ƙafarsa ta saƙale da inda kankanar ta nufa. Ban ƙara gishiri ba don ba ta buƙata, amma na lura ba cafewar ce ta dame su ba, kowa so yake in kai wurin da ya maka ta.

Sarkin lodi ya tashi yana share hawaye ya ce, “Kai, dattijo, ashe kana da rai! Shekara da shekaru kana nan sama kamar an kahe icce. Wa ka sauke wanga? Zauna abinka!” Surukin aka ce ya dinga hawa in an sami mota ta biyu. Bai yi fushi ba, shi ya fi kowa shan kankanar.

Na yanko tsakiyarta, inda ya fi zaƙi, na miƙa wa taubashina sama. Ya girgiza kai. Na ce bawa ba ya ƙin kyautar ubangidansa. Ya ce in sha abina. Ya miƙo hannuwa alamar in ci gaba da jifa, muka ƙarasa lodin, bai ƙara yar da ko ɗaya ba.

A kan babur da yamma bai karanta min halin masu jifa ba. Mun wuce rabin hanya kafin ya yi magana.

“Kankanar nan, ta nuna?”

“Ta nuna. Ja wur, kamar an zuba sukari.”

“Mai gonar ya yi wahala da ita,” in ji shi.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai Rabah. Mutanen ƙauyensu da ke warwatse suna aiko masa da gaisuwa, wai sun gan shi a waya. A tasha yara suna yi masa rawar in ya wuce. Diloli suka fara cewa a ba su ƙungiyar dattijon nan mai rawa. Wurinsa a saman mota ya tabbata, ba wanda ya sake tayar da zancen saukowa. Shi kuma ya gane abin da ake so. Duk lodi, in rana ta take, sai ya zaɓi wata ƙarama wadda ya ga tana da tabo, ya ɗaga ya maka, ya ɗan karkaɗa kafaɗa, a yi ihu a tsuguna. Ni da nake ƙasa ina ganin fuskarsa in zai saki. Har yau bai taɓa sa ta a baki ba.

Da rani ya ƙare wasan Amurka ma ya tafi hutu, ni na koma makaranta, shi ya koma ƙwadago a gonakin mutane. Sai da damina ta ja baya mai shagon caji ya aiko cewa mutanenmu sun dawo. Taubashina ya sa rigarsa ta Juma'a, ya riga kowa zama a benci. Ga ƙungiyar nan, ga mai jifa ana nuna shi yana shan ruwa, ga mai kitso ya ƙara wa kitson tsawo. Aka jeru. Taubashina ya sunkuya yana duba ƙasan allon. Akwai mutum a gefen fili, amma gajere ne mai kauri.

“Ina ɗan'uwana?”

Mai shagon ya ce wataƙila yana hutawa ne. Aka yi ƙus-ƙus aka watse, aka sake, dogon bai fito ba. Taubashina ya ce a duba masa a waya. Mai shagon ya daɗe yana latsawa, domin labarin ma sai da ya tona kafin ya same shi, layi biyu ne a ƙasan wani dogon labari a kan mai kitso. Ya ce ƙungiyar ta sallame shi tun kafin a fara kakar wasa, kuma har yanzu ba wadda ta ɗauke shi.

“Mi yay yi?”

“Ba su ce ya yi komai ba.”

“Ni dai ban taɓa ganin ya yad da ko guda ba.”

“Ba su ce ya yar ba.”

Na buɗe baki zan tsokane shi, na ga ba wurin. A allon mai kitso ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya maka ta da ƙasa, benci ya ɗauki ihu, wasu suna zungurin taubashina wai ya tashi ya taya ɗalibinsa rawa. Bai tashi ba. Yana zaune ya ɗora dogayen hannuwan nan a gwiwa yana kallonsu.

Can ya ce da ni a hankali, “Da na san inda shike, da na aika mishi shi hwasa guda.”